Yadda Ake Kai Yara Yankari a Dogon Hutu Su Dawo da Ilimi

Da zarar an fara jarrabawar zango na uku, tambayar da iyaye da malamai ke aiko min kusan iri ɗaya ce: muna so mu kai yara gandun namun daji na Yankari da ke Jihar Bauchi a dogon hutun nan, ta ina za mu fara, nawa za mu tanada, kuma me za su yi idan sun je? Ta ƙarshen ce mai nauyi, ita ce kuma aka fi watsarwa. Galibin ziyarar da makarantu ke kaiwa, a iso ne da azahar a gajiye, a yi hoto a bakin ƙofa, a faɗa ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin gandun, a juya. Yaro ya koma gida a tambaye shi me ya gani, ya ce biri ya ƙwace wa wane biskit.

Ku sani tun yanzu, dogon hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa. Ciyawa ta yi tsawo, ruwa ya samu ko'ina, dabbobi sun bazu cikin daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba abin da zai tara su a bakin kogin Gaji kamar yadda ƙishirwa ke tara su da rani. Wanda ya yi wa yara alkawarin zaki a watan Agusta ya jawo wa kansa rigima. Amma damina na da nata alherin: ƙasa ta yi laushi tana riƙe sawu, itatuwa sun yi ganye ana gane su, tsuntsaye na saƙar sheƙa. A kan wannan na gina tsarin da ke tafe. Na kwana biyu ne, don yara 'yan shekara 8 zuwa 14.

1. Tsayar da rana

Ku ɗauki makon farko da aka rufe makaranta, ƙarshen Yuli. Agusta ne ruwa ya fi yawa a ƙasar Bauchi, wasu hanyoyin cikin dajin kan caɓe har mota ta kasa bi. A Satumba kuwa ciyawa ta kai maƙura. Ku zaɓi Talata zuwa Alhamis, lokacin babu cunkoson masu hutun ƙarshen mako, jagorori kuma na da sukunin tsayawa su yi wa yara bayani.

Idan burinku kawai yara su ga giwa da ɓauna ido da ido, ku ɗage tafiyar zuwa hutun Afrilu, ku shirya wa zafi.

2. Tantance masu tafiya

Kada ku wuce cikin mota ɗaya ko biyu. Yara 14 zuwa 16 a bas ɗaya sun isa, kuma kowane babba ya riƙe yara biyar ko shida, ya san su da suna. Idan akwai 'yan mata, dole a tafi da malama ko uwa, ba ɗaya ba idan suna da yawa. A cikin manyan a samu wanda ya iya ruwa sosai, a samu wanda ya san taimakon gaggawa. Direba ba ya cikin lissafin masu kula da yara, aikinsa tuƙi da hutawa.

Kowane uba ko uwa su sa hannu a takardar amincewa. A jikinta a rubuta lambar waya biyu, da ciwon da yaro ke da shi, da maganin da yake sha, da ko ya iya ruwa.

Hattara: tambayoyi uku ne ba a jin kunyarsu a nan, sikila, asma da farfaɗiya. Mai sikila ba ya son dukan ruwan sama da zama da jiƙaƙƙun kaya. Mai asma ya taho da abin shaƙarsa, a hannun malami. Mai farfaɗiya ba ya shiga ruwa sai da babba a gefensa. Wasu iyayen kan ɓoye, don haka ku tambaya a keɓe, ba a gaban sauran yara ba.

3. Tuntuɓar hukumar gandun

Mutane har yanzu suna kiran Yankari gandun dajin ƙasa, kuma ya taɓa zama hakan, daga 1991 zuwa 2006. Daga nan ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi. Saboda haka wasiƙarku Bauchi za ta, ba Abuja ba. Ku rubuta a takarda mai tambarin makaranta ko ƙungiya, mako uku kafin tafiya, ku faɗi adadin yara da manya, da ranakun, da cewa ziyarar karatu ce. Ku nemi abu huɗu: farashin ɗalibai, ɗakunan kwanan ɗalibai a sansanin Wikki, motar zagaye da jagora mai jin Hausa, da ɗaya daga cikin masu gadin daji da zai yi hira da yara na rabin awa. Makaranta kuma ta sanar da ofishin ilimi na yankinta kafin ta fita da 'ya'yan mutane daga gari.

Hattara: Yankari a Ƙaramar Hukumar Alkaleri yake, kuma wasu sassan yankin sun yi fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan. Kwana biyu kafin tashi ku sake kiran hukumar gandun, ku kuma tambayi direbobin tashar Bauchi halin da hanya take ciki. Idan amsar ta zo da kwana-kwana, ku ɗage. Kuɗin da aka yi asara ana mayar da shi.

4. Lissafin kuɗi

Farashi na canzawa, don haka ku karɓe shi a rubuce daga hukumar gandun, kada ku dogara da na wanda ya je bara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada wani kashi ya ɓace muku a lissafi, don a can kusan komai da kuɗinsa daban: shiga kan kowane mutum, shigar mota, kyamara, ɗaki, motar zagaye, jagora, da zuwa kogo. Ku tambaya ko wankan Wikki da gidan tarihi suna cikin kuɗin shiga.

Mota ce ke cinye kaso mafi girma. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki kilomita 110 ne da ɗoriya. Mai tasowa daga Kano ya ƙara kusan 300, wato zuwa da dawowa ya haura kilomita 800. Ku yi ciniki da direba a kan shata ta kwana biyu, a fayyace wa zai sayi mai, wa zai ciyar da shi, ina zai kwana. Abinci ku tafi da mafi yawansa daga gida: shinkafa, wake, taliya, burodi, ƙwai, kayan shayi, da ruwan leda mai yawa, bayan kun tambaya ko an yarda a yi girki da risho ko gas a wajen ɗakunan ɗalibai.

Ku tara jimla, ku ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, sannan ku raba a kan yara. Kuɗin manya ma a cikin jimlar yake, a faɗa wa iyaye haka tun farko. Ku riƙe tsabar kuɗi, don sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne, turawa ta waya na iya ƙi a daidai lokacin da ake buƙata.

5. Kaya

Na kowane yaro: littafi mai falle 40 da bango mai tauri, fensir biyu, ruwla, zare mai tsawon mita biyu, da leda mai zif da za a sa littafin. Fensir nake cewa ba biro ba, don tawada na narkewa da ɗigon ruwa ɗaya. Sai takalmi rufaffe da safa, dogon wando, riga mai dogon hannu, hula, rigar ruwa ko babbar leda, kayan wanka, tawul, tocila da gidan sauro.

Na ƙungiya: awon tela guda biyu, ma'aunin zafi irin na ɗakin gwaje-gwaje, agogon ƙidayar daƙiƙa na waya, usur, madubin hangen nesa ko da ɗaya ne, batirin cajin waya, da akwatin magani mai farasitamol, ruwan gishiri da sukari, aidin, bandeji, filasta da man korar sauro.

Hattara: akwai ƙudan tsando a kurmin bakin Gaji, cizonsa da zafi, kuma baƙi da shuɗi ne launukan da ke jawo shi. Idan kayan makarantarku shuɗi ne, ku bar su a gida. Ruwan ƙasa, kakin soja ko ruwan toka sun fi.

6. Zama ɗaya kafin tafiya

Ku tara yaran awa biyu, saura mako guda. Ku raba su rukuni huɗu, kowanne da aikinsa: 'yan sawu, 'yan itatuwa, 'yan tsuntsaye, 'yan ruwa da ƙwari. Kowane yaro ya ja layi a littafinsa gida huɗu: lokaci, wuri, abin da na gani, tambayata. Gidan ƙarshen nan kada a bari ya zauna fanko.

Sannan ku ba su aikin gida: kowa ya je wajen kaka ko wani dattijo a unguwa ya samo sunayen namun daji goma da itatuwa goma da Hausa, da karin magana ko kirari a kan uku daga ciki. Za ku yi mamakin yaran birni nawa ne ba su taɓa jin gwanki, kanki, gwambaza ko mazo ba, alhali duka huɗun suna nan a Yankari. A nan ne kuma za ku faɗa musu gaskiya: babu raƙumin dawa a wannan daji, sai a Sumu, wani gandun daban a Jihar Bauchi, inda aka ajiye dabbobin da Namibiya ta bai wa Jihar Bauchi a 2006. Zakuna kuwa 'yan kaɗan ne suka rage, ganinsu sai mai rabo.

7. Hanya

Ku tashi bayan sallar asuba. A Bauchi ku cika tanki, ku kai yara banɗaki, ku sayi abin da aka manta. Daga nan hanyar Gombe za ku ɗauka zuwa Dindima, wajen gadar kogin Gongola, sai ku karya zuwa Mainamaji inda babbar ƙofa take, kimanin kilomita 29 daga Dindima. Kada yara su fara ihun an iso: daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran fiye da kilomita 40, duk a cikin daji. Wannan tafiyar ita ce darasi na farko. A kashe kiɗa, a sauke gilashi kaɗan, a fito da littattafai, direba ya rage gudu.

Hattara: zuwa da dawowa duk da rana. Ku tsara yadda za ku shiga ƙofa kafin la'asar, ku kuma bar sansani da hantsi ranar komawa.

8. Minti goma na farko a sansani

Kafin a sauke jaka ko ɗaya, ku tsayar da yara ku yi musu maganar gwaggon biri. Na Wikki sun saba da mutane, sun san leda, sun san kula, sun iya buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Babban namiji zai zauna a inuwa kamar ba ruwansa, yana sosa ciki, idonsa na kan yarinyar da ke riƙe da burodi. Kafin ta juya ya fizge ya hau rufi. Dokokin uku ne: ba a cin abinci a waje, ba a ba su komai, idan sun ƙwace abu a bar musu. Yaron da ya yi jayayya da biri cizo zai sha, cizon biri kuwa sai asibiti. Ɗaki da mota a kulle ko da minti ɗaya za a fita, tagogi ma haka.

Gadu ma na yawo a tsakar sansanin yana kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsa na gaba. A kalle shi daga nesa, musamman mace mai 'ya'ya. 'Yan sawu su fara da shi: su jira ya wuce, su auna sawunsa, su zana.

9. Ruwan Wikki: awo kafin wanka

Yammacin ranar farko na ruwa ne, amma da sharaɗi: ba mai jiƙa ƙafa sai an gama awo. Idan kuka bari aka fara da wanka, darasi ya tafi.

Awo na farko, zafi. A tsoma ma'auni minti biyu, a rubuta, a kuma auna na iska. Gobe da sassafe a maimaita. Yara za su tarar iska ta sauya sosai, ruwan kuwa yana nan wajen digiri 31, safe da yamma, rani da damina. Ku bar su su yi gardamar dalili kafin ku faɗa musu cewa daga can ƙarƙashin ƙasa yake ɓullowa, a gindin dutsen da ke wurin, inda zafin rana da sanyin dare ba sa kaiwa.

Na biyu, gudu. A auna mita goma a gefen ruwa, a saki ganye, a ƙidaya daƙiƙa, sau uku, a fitar da matsakaici. Na uku lissafi ne a littafi: ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne Wikki na zubar da lita miliyan 21 kullum zuwa Gaji. Jarka nawa ke nan mai lita 25? Amsar 840,000 ce, kuma yaron da ya taɓa tura kurar ruwa shi zai fi kowa jin nauyin wannan adadi.

Sai wanka, maza da lokacinsu, mata da nasu.

Hattara: ruwan garau yake, ana ganin yashin ƙasa, shi ya sa yake yaudarar ido. Wajen maɓuɓɓuga zurfinsa ya kusa mita 2. Babba ya fara shiga ya nuna iyaka, wani ya tsaya a bakin ruwa da usur, ba waya a hannunsa. A ƙirga yara kafin shiga da bayan fita. Ba wankan dare, kuma da an ji tsawa kowa ya fito. Matakalar sauka tana santsi idan an yi ruwa.

10. Zagayen safe

Wannan ne zuciyar tafiyar. Ku fita da farar safiya, da jagoran gandun, a motar da hukuma ta amince da ita. Tun da daddare ku zauna da jagoran ku faɗa masa abin da kuke so: ba tseren neman giwa ba, tsayawa a inda akwai alama. Idan ba ku faɗa ba zai yi abin da ya saba yi wa baƙi.

A duk inda ya ce an iya sauka, 'yan sawu su fara gaba, sauran su tsaya baya kada su tattake. A ajiye ruwla a gefen sawu kafin a zana ko a ɗauki hoto. Na ɓauna kamar na saniya yake amma ya fi faɗi. Na dorina yatsu huɗu. Na gwaggon biri sai ka ce tafin hannun yaro. Idan aka ga dagi mai alamar farce, na kura ne ko dila, don dangin kyanwa, har da zaki, suna janye farcensu idan suna tafiya.

Idan Allah ya sa kuka tarar da sawun giwa, ku daɗe a wurin. Na ƙafar gaba zagayayye ne, na baya ya ɗan yi tsawo. A kewaya na gaban da zare, a auna zaren, a ninka biyu: kusan tsayin giwar ke nan daga ƙasa zuwa kafaɗa. Zare mai mita 1.3 na nufin giwa mai tsayin mita 2.6. Sai a tsayar da yaro mafi tsawo a jikin itace, a nuna masa inda kafaɗarta za ta kai. Kashinta ma littafi ne. A tona da tsinke, ba da hannu ba, za a ga ɓawon itace, ciyawa, da ƙwallayen 'ya'yan itatuwa da ta haɗiye a wani wuri ta zo ta shuka a nan. Sau da yawa buzuzu ya riga ku isowa yana mirgina rabonsa da ƙafafun baya.

'Yan itatuwa su nemi kawo, marke, taura, maɗaci, tsamiya, kuka da giginya. Su ɗora takarda a jikin ɓawo su goga fensir, su zana ganye, su auna kaurin gindi. Jagora ya faɗa musu amfanin kowanne. 'Yan tsuntsaye kuwa an ƙirga musu sama da iri 350 a dajin nan, idan suka samu goma sun yi ƙoƙari: zabin daji, fakara, cilakowa, zalɓe, shamuwa, carki a bayan dabba, wataƙila har da burtu yana takawa a ƙasa. Wanda ba a san sunansa ba a rubuta girmansa, launinsa da siffar bakinsa.

Hattara: ba a sauka sai jagora ya ce a sauka, ba a shiga doguwar ciyawa, ba a ɗaga dutse ko zura hannu a ramin suri, damina lokacin macizai ne. Bakin Gaji akwai kada da dorina. Idan aka haɗu da giwaye a yi tsit a cikin mota. Ba a tsinke komai a fita da shi, ko gashin tsuntsu ne.

11. Gidan tarihi da kogo

Da rana, lokacin da gajiya ta sauko, ku shiga ɗan gidan tarihin da ke sansanin. Akwai fatu, ƙasusuwa, ƙahoni, da tarkuna da makaman da aka ƙwace daga mafarauta. A nan mai gadin dajin zai yi hirarsa. Ku sa yara su shirya tambayoyi: yaya ake sintiri, me ake yi idan giwaye suka fita suka ci gonar mutanen ƙauye, me ya sa ake ɗaura wa wasunsu abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Manyan yara ku raba su biyu su yi muhawara, ɓangaren manomi da aka cinye wa gero da ɓangaren mai gadin daji. Kada ku yanke musu hukunci da wuri.

Idan hanya ta yi kyau, ku je Kogon Marshall, ramuka 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda P.J. Marshall ya gano a 1980. Jagora ya fara leƙawa da tocila. Idan ya ce hanya ba ta biyuwa, kada ku matsa masa.

12. Dare

Bayan isha'i a zauna a baranda, a kashe tocila minti biyar, kowa ya ƙirga kalar kukan da ya ji. Sannan a fito da karin maganar da aka samo daga kakanni, a gwada su da abin da aka gani da ido. Tatsuniya ɗaya ta isa. Kafin barci kowane babba ya duba littattafan yaransa, ya duba gidan sauro, ya tabbatar an zazzage takalma an shigo da su ciki.

13. Bayan dawowa

Kada ku wuce mako guda. Kowane rukuni ya yi babban kwali ɗaya, ya tsaya gaban iyaye ya yi bayanin minti biyar, da zaren sawun giwa a hannu idan an samu. Tambayoyin da suka rage a gida na huɗu a raba su, kowa ya nemo amsar ɗaya kafin a koma makaranta. A wannan zaman ne za ku karanta wa iyaye lissafin kuɗi da rasit, ku mayar da canji idan ya ragu. Ku kuma gargaɗe su: duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin mako biyu ko uku da dawowa a kai shi gwaji a ranar, a faɗa wa likita cewa daga daji yake.